Zuru: A kula da salansa tun kafin tsatsa ta huda ta

Duk wanda ya zauna kusa da tashar mota a Zuru tsakanin watan Agusta da Oktoba, kunnensa kaɗai ya isa ya gaya masa abin da damina ta yi wa motocin yankin. Motar da ta shiga shekara tana tafiya lafiya lau sai a ji ta tana ruri kamar injin niƙa. Wata an ɗaure mata salansa da waya, tana lilo a ƙarƙashi duk lokacin da taya ta faɗa rami. A rumfunan masu walda kuwa aiki ba ya yankewa: a kwanta ƙarƙashin mota, a yanko guntun kwano a manna a kan hujin, a karɓi abin da ya sawwaƙa. Bayan 'yan makonni mai motar ya dawo, saboda wani hujin ya buɗe dab da na farko.

Ba a cika ɗaukar wannan a matsayin matsala ba. Direban da ya san aikinsa yana duba birki da taya da baƙin mai kafin ya ɗauki hanya, amma salansa sai ranar da ta fara ƙara ake tunawa da ita, kuma ƙarar ce ke damun mutane, ba abin da ta zo sanarwa ba. Sakaci ne da ke cin kuɗi a lokacin da kuɗi ya yi wuya, wani lokacin ma yana iya cin rai. Babban aikin salansa shi ne ta ɗauki hayaƙi mai guba daga inji, ta bi da shi ta ƙarƙashin ƙafafun fasinja, ta fitar da shi can baya inda iska za ta kwashe. Rage ƙara ƙari ne kawai. Ranar da ta huje a tsakiya, hayaƙin ya samu wata ƙofa, kuma ƙofar tana ƙarƙashin kujera.

Abin da yawancin masu mota ba su sani ba shi ne, tsatsar da ke kashe salansa daga ciki take somawa. Da ɗan gari akan ci gari. Idan fetur ya ƙone, bayan hayaƙi har ruwa yake bayarwa: kowace lita ɗaya da inji ya ƙona tana samar da kusan lita ɗaya ta ruwa, wanda ke fita a matsayin tururi. Shi ne ɗigon da ake gani yana zuba daga bakin salansa da sassafe, shi ne kuma farin tururin da ke tashi a safiyar hunturu. Idan bututun ya ɗauki zafi sosai, tururin yana ficewa salin-alin. Idan kuwa da sauran sanyi a jikin ƙarfen, tururin yana komawa ruwa, ya gangara ya kwanta a gindin tukunyar baya, wadda ta fi nisa daga inji kuma ita ce ta ƙarshen ɗaukar zafi.

Ruwan nan kuma ba wanda ake sha ba ne. A cikin fetur da dizal akwai sinadarin salfa, wanda Bahaushe ya sani da farar wuta. Idan ya ƙone ya gauraya da wannan ruwa, abin da ke fitowa ɗan'uwan ruwan batir ne, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Wanda ya taɓa ganin abin da ruwan batir ke yi wa ƙarfen da batir ke zaune a kai zai iya kwatanta halin tukunyar da irin wannan ruwa ke kwana a cikinta dare bayan dare. Shi ya sa makanike kan ɗaga mota ya ga salansa da kyanta daga waje, ya ƙwanƙwasa ta da sufana, sai ƙarfen ya rufta kamar ɓawon ƙwai.

A nan ne tsadar mai ta shigo cikin maganar ta inda ba a zata ba. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500 a Arewa, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: motoci da dama sun koma wuni da kwana a gida. Zuru gari ne na tsofaffin sojoji da ma'aikata da malaman makaranta, mutanen da suka saba da tsari, kuma tsarin da wasunsu suka ɗauka shi ne a tayar da mota kowace safiya ta yi ɗumin minti biyar a tsakar gida, a kashe. Niyyar mai kyau ce, don kada batir ya mutu, kada inji ya kwanta. Sai dai minti biyar ya isa inji ya cika salansa da tururi, amma bai isa ya zafafa ta har ta busar da shi ba. Kowace safiya mai motar yana zuba wa salansarsa asid da hannunsa, kuma shi ke biyan kuɗin man da aka yi ɓarnar da shi.

Haka abin yake ga wanda tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis, ofis zuwa kasuwa, sai masallaci ko coci. Zuru ba Kano ba ce. Kafin inji ya gama farkawa an iso. Don haka ba abin mamaki ba ne a samu motar haya mai zirga-zirga tsakanin Zuru da Kontagora, duk da wuyar da take sha, cikin salansarta ya fi lafiya a kan na motar da ba ta fita sai Juma'a ko Lahadi. Wannan maganinsa ba ya buƙatar makanike. Maimakon ɗumi bakwai a mako, gara a yi tafiya ɗaya ta minti 20 zuwa 30 a kan hanya, har salansar ta yi zafi tun daga inji zuwa bakinta. Man da za a ƙona zai ɗan fi, amma bai kama ƙafar kuɗin sabuwar tukunya ba, batir ma ya fi samun caji a hakan.

Wannan ke nan ta ciki. Ta waje kuwa ƙasar Zuru ce da kanta ke kawo ta. Yankin yana kudancin Jihar Kebbi, ruwan samansa ya fi na Birnin Kebbi da Argungu yawa da daɗewa, ga tsaunuka da duwatsu da rafukan da kan cika su ratsa hanya. Hanyar Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai ta shafe shekaru tana zama abin kukan mutanen masarautar kafin gwamnatin jiha ta sa hannu a aikinta. Amma ko an gyara manyan hanyoyi kaf, ba a bakin kwalta ake noma ba. Motar da za ta kwaso masara da dawa da shinkafa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai dole ta bi ta taɓo. Taɓon nan yana maƙalewa a saman tukunya da bayan farantin kare zafi da wuraren haɗin bututu, inda ido ba ya kaiwa, ya riƙe danshi kwana da kwanaki bayan hanya ta bushe.

Yawancin salansar da ake sayowa a kasuwa don canji baƙin ƙarfe ne da aka yi wa siririn shafen alminiyum. Muddin shafen na nan, ƙarfen na da kariya. Amma motar da aka ƙera don mutum biyar, aka loda mata buhuna aka ƙara da fasinja takwas, ta riga ta zauna, kuma salansarta ce za ta fara gaisawa da kowane dutse da kowane tudun rage gudu. Kowace karta tana kankare shafen, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma abin da ba a cika kawowa a rai ba, wato takin zamani. Yuriya da NPK suna jan danshi suna cin ƙarfe, kamar yadda duk manomin da ya taɓa mantawa da fartanya a jikin buhun taki ya sani. A-kori-kurar da ke jigilar taki a farkon damina, buhu ya fashe, ruwa ya wanke shi ya bi ta kafofin bodi, a kan salansa yake sauka. Haka fitsari da kashin dabbobin da ake kaiwa kasuwa.

Ga shi kuma kaɗan ne daga motocin da ke hanyoyin Zuru suka fito daga kamfani kai tsaye. Tokumbo ne, ko 'yan Beljiyam kamar yadda ake ce musu, sun yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada kafin su hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, hukumomi na watsa gishiri a kan titi duk lokacin sanyi don ya narkar da ita, gishiri da ruwa kuwa su ne abincin tsatsa. Mota na iya isowa fenti na walƙiya, kujeru kamar sababbi, alhali ƙarƙashinta ya sha gishirin shekara goma. Mai saye yakan buɗe bonet, ya saurari inji, ya gwada esi, amma da wuya ya duƙa ya leƙa ƙasa. Wanda ya leƙa kuwa zai iya rage farashi, ko ya fasa cinikin gaba ɗaya.

Da asarar ta tsaya a kuɗin walda, da ba sai an tsawaita magana ba. A cikin hayaƙin inji akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta ma sa tari balle mutum ya ankara. Ita ce dai iskar da ke hallaka iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareta a cikin gida, labarin da 'yan Najeriya suka sha ji. Jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sama da sau 200, don haka ko kaɗan ce ke shigowa, taruwa take yi a jiki muddin ana shaƙa. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci. Wato dai abubuwan da fasinjan doguwar hanya ke ɗora wa gajiya, ko zafi, ko zazzaɓin cizon sauro da ke shirin tasowa.

To, a haɗa wannan da yadda ake tafiya a yankin. Tsohuwar Golf ko Sharon wadda tsatsar da ta huda salansarta ba ta bar ƙasan bodinta ba, an ɗaga gilasai saboda ruwan sama ko ƙurar hunturu, an bar but a buɗe an ɗaure kaya da igiya. Iskar da ke juyawa a bayan mota mai gudu tana mayar da hayaƙi ciki ta buɗaɗɗen but, shi ya sa kamfanonin ƙera motoci ke gargaɗi a littafin mota cewa kada a yi tuƙi a haka. Waɗanda ke kujerar baya su ne kan gaba wajen shaƙa, kuma nan ake yawan zaunar da mata masu goyo da yara, alhali jarirai da masu juna biyu sun fi kowa rauni a gaban wannan guba. Direba ma bai tsira ba. Idan ya fara gyangyaɗi da rana tsaka zai nemi goro ko shayi, idan kuma ƙaddara ta faɗa za a ce gudu ne ko barci, babu wanda zai koma ya leƙa ƙarƙashin motar. Mafi muni shi ne direban da ke kwanciya a cikin mota a tasha, inji na aiki, gilasai a rufe.

Alama ɗaya ta cancanci kowane fasinja ya riƙe. Idan mutum biyu ko uku a mota ɗaya suka fara ciwon kai ko jiri lokaci guda, suka kuma ji dama-dama da zarar an tsaya sun sha iska, to motar ce ke da laifi. A sauke gilasai, a rufe but, a fito fili, wanda ya suma ko ya rikice kuma a wuce da shi asibiti a faɗa wa likita cewa ana zargin hayaƙi ne.

A masarautar Zuru akwai ƙarin dalili. Shekarun nan na hare-haren 'yan bindiga sun koya wa kowane direba cewa akwai wuraren da ba a tsayawa a hanya, musamman idan rana ta yi sanyi. Salansar da ta ɓalle ta fara jan ƙasa tsakanin Ribah da Wasagu, ko a hanyar Maga zuwa Daki Takwas, tana tilasta tsayuwar da babu wanda ke so, ga mota cike da mutane. Robar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba ce ta tsinke, amma rabin sa'ar da za a yi ana neman waya a daji ba ta da farashi.

Abin da ake buƙata daga mai mota bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawansa ruwa ne da ido. Masu wankin mota sun ƙware wajen goge bodi da sa taya ta yi sheƙi, domin nan ne mai biya ke kallo. Ya kamata mai mota ya nemi a wanke masa ƙarƙashi, musamman bayan tafiyar taɓo ko jigilar taki da dabbobi, a bi saman tukunya da lungunan da laka ke ɓuya. Amma sai salansa ta huce. Watsa ruwan sanyi a kan ƙarfe mai tsananin zafi yana tsaga shi, musamman a wurin walda da kusa da inji, kuma wannan ne dalilin da ya sa afka wa rafi da gudu bayan doguwar tafiya ke barin tsagar da ba a gani sai daga baya. Bayan wanki a ɗan zagaya da motar ta bushe, kada a kai ta gida a jiƙe a lulluɓe da tamfol.

Al'adar fesa baƙin mai ko dizal a ƙarƙashin mota da sunan hana tsatsa ba ta yi wa salansa komai. Da ta ɗauki zafi man zai ƙone ya tashi da hayaƙi, wanda ya rage ya kama ƙura, ya kuma lalata robobin da ke riƙe da ita. Fentin gida ma haka, tafiya ɗaya ya ƙone ya ɓare. Abin da ke aiki shi ne a kankare tsatsar da burushin ƙarfe da samfefa har ƙarfe ya fito, a goge, a fesa fentin da aka yi musamman don zafi, irin wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa yana jure digiri 600 ko fiye. Wannan kariya ce ta waje kawai, ba ta hana ta ciki ba, kuma ba ta tayar da ƙarfen da ya riga ya mutu. Wasu tukwanen kuma kamfani ne da kansa ya yi musu ɗan ƙaramin huji a gindi don ruwa ya riƙa ɗiga. Ana samun mai walda ya gan shi ya toshe da kyakkyawar niyya, ya mayar da tukunyar randa.

Gane yoyo ma ba ya buƙatar na'ura. Baƙi irin na gindin tukunyar girki a kewayen haɗin bututu alama ce hayaƙi na fita ta nan. Yaron mota na iya tayar da inji da safe a fili, tun salansa da sanyi, ya toshe bakinta da tsumma na 'yan daƙiƙoƙi. Idan lafiya take, tsumman zai turo hannunsa baya, inji ya canja murya. Idan ta huje, za a ji huci daga inda hujin yake. Aikin minti biyu ne.

Masu walda suna da nasu alhakin, ko da yake ba su kaɗai ba ne. Mai mota ne ke zuwa da kuɗin faci ya ce a lallaɓa masa, domin tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, duk wani kayan gyara da ke shigowa daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Amma faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe asara ce sau biyu. Wutar walda tana ƙona ɗan shafen da ya rage a kewaye, shi ya sa sabon huji ke buɗewa a gefen tsohon. Aiki na gaskiya shi ne a yanke har inda ƙarfe ke da rai, a sa bututu mai faɗi daidai da na asali, a fenta wurin waldar. Shi ma mai waldar yana cutar da kansa idan ya ƙona kwanon rufi, domin hayaƙin shafen da ke jikinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Wanda kuma ke da halin sayen salansar ƙarfen da ba ya tsatsa, sitenles kamar yadda 'yan kasuwa ke cewa, zai biya da yawa sau ɗaya ya huta shekaru. Araha ba ta ado.

Akwai wata ɓarna da ke fakewa a bayan gyaran salansa. Motocin zamani suna da wata tukunya kusa da inji mai ɗauke da wani abu kamar saƙar zuma, wanda makanikai a Najeriya suka laƙaba wa suna indomi. A jikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma aikinsa shi ne ya mayar da mafi yawan kabon monoksaid iskar da ba ta da irin wannan guba. Saboda yana da kasuwa, ba a rasa wanda zai ce wa mai mota ya toshe, shi ke sa mota shan mai, a cire. Gaskiya ne yana iya toshewa idan inji ya daɗe yana ƙona baƙin mai ko fulogi ya mutu, amma a lokacin injin ne ke buƙatar gyara tukuna. Motar da aka cire wa indomi, salansarta kuma ta huje, ta haɗa masifa biyu. Duk wanda zai bar motarsa a gareji don aikin salansa, ya kyautu ya san abin da ke cikinta kafin ya tafi da bayan ya dawo.

Babura, waɗanda su ne ƙafar ƙauyukan Zuru, nasu ya fi sauƙi. Ɗan kabu-kabun da ke wuni a kan Boxer ba ya fama da ruwan ciki sosai, domin salansarsa ba ta hucewa. Matsalarsa taɓon da tayar gaba ke watsa wa wuyan salansa, da wanki a rafi, da kwana a fili ruwan sama na shiga bakinta. A toshe bakin lokacin wanki, a cire, a tayar ya bushe, a kwanar da shi a rumfa. Samarin da ke fasa salansa da gangan don ta riƙa bugawa kamar bindiga kuwa, a yankin da ƙarar babura da dare ke sa mutane gudu daji da yara a kafaɗa, wannan ya wuce ƙuruciya, kuma iyaye da masu unguwanni ba sa buƙatar jiran 'yan sanda kafin su tsawata.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana da hurumin tsayar da motar da ba ta cancanci hawa hanya ba, hukumar NESREA ma tana da ƙa'idojin hayaƙin motoci tun 2011. Amma tara a bakin hanya ba ta gyara salansa. Sau da yawa kuɗin gyaran ne take cinyewa. Inda abin zai fi tasiri shi ne tasha. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji su ne ke rubuta layi, su ke karɓar kuɗin lodi, kuma sun san kowace mota da muryarta. Idan suka sa doka cewa motar da salansarta ta huje ba za ta yi lodin fasinja ba sai an gyara, kuma ba a tashi da but a buɗe mutane na zaune a baya, babu direban da zai yi kwana biyu bai je wurin mai walda ba. Fasinja ma yana da bakin magana. Wanda ya ji warin hayaƙi tun a tasha yana da haƙƙin ya sauka ya karɓi kuɗinsa.

Abin da ya fi ƙarfin direba da ƙungiya shi ne ingancin man da ake sayar musu. A Turai iyakar salfa a mai ita ce kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali a wancan lokacin Najeriya tana halatta dizal mai kashi 3,000. A watan Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Switzerland ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai mai yawan salfa musamman don kasuwannin Afirka, kuma a Disambar wannan shekara Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Ivory Coast suka yi alƙawarin daina karɓarsa. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50. Tsakanin alƙawari da famfon gidan mai akwai tafiya. Ba a manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo daga Antwerp ta Beljiyam a farkon 2022 ba, wanda sai da ya isa kasuwa ya lalata injuna kafin a ankara. Yanzu da matatar Dangote ta fara fitar da fetur tun Satumban 2024, hukumar NMDPRA ba ta da uzurin cewa man daga nesa yake zuwa. Ya kamata ta riƙa gwada shi a gidajen mai na garuruwa irin Zuru, ba a defo kaɗai ba, ta kuma bayyana sakamakon ga jama'a.

Shi kuwa mai mota, lokuta biyu ne a shekara suka fi dacewa ya shiga ƙarƙashinta. Maris zuwa farkon Afrilu, kafin ruwa ya kankama, ƙarfe a bushe yake, nan ne kankarewa da fenti ke kamawa. Sai Nuwamba, bayan an fara kwaso amfanin gona, a wanke taɓon damina, a canja robobin da suka tsage, a yi gwajin tsumma, kafin hunturu ya sa a ɗaga gilasai, kuma kafin 'yan asalin yankin su fara cika motoci daga Kaduna da Abuja da Legas zuwa gida don Kirsimeti da Uhola.